Ƙaramin sani ƙuƙumi: darasin da pompon garkar Yaya ya ba ni

A cikin aljihun teburina akwai wani ɗan abu shuɗi mai ƙafafu 5, wanda girmansa bai wuce ƙwayar sukarin shayi ba. Duk wanda ya gan shi zai ce tarkace ne da aka manta ba a zubar ba, kuma iyalina sun sha tambayata dalilin da ya sa nake adana shi. Masu sana'ar kuran suna kiransa rele. Kuɗinsa bai kai jika 1 ba, amma a watan Maris na shekarar 2022 ya jawo wa gidan yayana asarar da muka yi wata da watanni muna biya. Na ce shi ya jawo, amma in za a bi gaskiya ni na jawo, shi ko ɗan aike ne. Wannan labari nake so in ba ku yau, ya ku masu karatu, musamman samarinmu da na ga sun duƙufa bisa waɗannan ƴan na'urori, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni ba injiniya ba ne. Mushen lakkwal ne ni, na yi shekarun aikina ina koya wa yara lissafi har na yi ritaya a nan Maraɗi. Amma tun ina yaro ƙwaƙwar kayan kuran ta kama ni. Radiyon mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, na buɗe ta ya fi a ƙirga, na kuma sha bulala bisa kanta. Da na girma sai na sayi ƙarfen narka darma da ma'aunin kuran, ina gyara tocila da radiyo da banka ga maƙwabta ba tare da karɓar ko dala ba, don jin daɗin abin kawai.

Ina cikin haka zamani ya zo da wani sabon abu. A shekarar 2005, a garin Ibreya na ƙasar Italiya, wasu malamai suka fito da wani ɗan allo mai suna Arduino, wanda ke ɗauke da ƴar ƙwaƙwalwa da mutum zai iya rubuta mata umurni daga kwamfuta, ta riƙe, ta bi. A shekarar 2014 kuma wani kamfanin birnin Shanghai mai suna Espressif ya shahara da ESP8266, ƴar ƙwaƙwalwa mai araha da ke iya magana da salula ko kwamfuta ta Wi-Fi ba tare da waya ba. A 2016 ƙanenta ESP32 ya biyo baya, ya fi ta ƙarfi, ya kuma ƙara da Bluetooth. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano sari shi ya fara kawo mini su cikin ƴar leda. Ranar da na taɓa gilashin salulata daga tsakar gida, fitila ta kama cikin ɗaki, sai da na kira duk mutanen gidan su zo su gani.

Daga fitila na koma ga moto, wato ɗan injin da kuran ke juyawa. Na samo motar gwangwani irin wadda yaranmu ke ƙerawa da waya, na ɗaura mata moto biyu da na ciro daga wata tsohuwar na'ura. A nan na koyi cewa in ka sauya wa moton batir gefen wayoyinsa, sai ya juya da baya, kuma akwai tsarin makunnai 4 da ake jerawa kamar harafin H da ke yin wannan sauyi da kansa. Ana sayar da shi haɗaɗɗe, mafi sani a ciki shi ne L298N. Na kuma koyi cewa in ana son moto ya rage gudu, ana kunna kuran ana kashewa ne sau dubbai cikin daƙiƙa guda, gwargwadon tsawon kunnawar gwargwadon gudun. Jikokina suka riƙa tuƙa motar da salula, unguwa ta taru kallo. Tun daga nan kaina ya fara kumbura.

To, yayana manomin rani ne. Garkarsa tana cikin fadamar Gulbin Maraɗi, wajen kilomita 7 daga gidansa. Mahaifinmu da jigo ya ban-ruwa a wurin. Bayan farin 1984, lokacin da hukumomin zamanin Seyni Kunce suka ƙarfafa wa talakawa guiwa bisa noman rani, Yaya ya riƙe garkar da hannu biyu, daga baya ya sayi injin ban-ruwa mai shan esanshi. Da tsadar mai ta ishe shi, sai ya ci bashi ya sayi pano na hasken rana, da batir 2 masu bolt 12 da aka haɗa suka ba da bolt 24, da pompo irin wanda ake zurawa cikin rijiya. Salati, shu, tumatir, tonka da zogale, da su yake ciyar da gida.

Sai dai rijiyar tana da halinta. In rani ya yi nisa, pompo ba ya wuce minti 40 yana ja ruwan ya ƙare, sai an dakata ta sake tarawa. Shi kuwa irin wannan pompo ruwan da yake ciki shi ke sanyaya shi, in ya yi ta gudu a busasshiyar rijiya ƙonewa yake. Saboda haka dole a samu mai tsayawa bisa kansa, ya kunna, ya jira, ya kashe, safe da marece, har basan ya cika. Ƙafafun Yaya sun yi nauyi, aikin sai ya faɗa bisa autansa, yaro ɗan shekara 15 da ke shirin jarrabawar BEPC a wannan shekara. Kullum da asuba yana bisa keke, ya iso kolej a makare, marece kuma lokacin da tsaransa ke bitar karatu shi yana bakin rijiya. Ni da na yi rayuwata cikin aji, abin ya tsaya mini a rai.

Sai na ce a zuciyata, wanda ya tuƙa mota da salula, me zai hana shi kunna pompo? Wi-Fi ba ya wuce ƴan mitoci gommai, saboda haka na haɗa ESP32 da wani ɗan allo mai suna SIM800L, wanda ake sa wa katin salula, yana karɓar saƙo yana aikawa muddin akwai rezo na 2G. Na rubuta umurni: in saƙo ya zo da kalmar KUNNA, a kunna, in ya zo da KASHE, a kashe, a kuma maido amsa.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana wa mai karatu inda wuyar take. Ita wannan ƙwaƙwalwa da bolt 3,3 take aiki, kuma abin da kowace ƙafarta ke iya fitarwa bai wuce ƴan gommai na mili-amper ba, wato abin da zai haska ƴar fitila kamar idon mage. Pompon Yaya kuwa wajen amper 7 yake sha, ninki ɗaruruwa ke nan. Ƙwaƙwalwar tana da wayo, ba ta da ƙarfi, kamar sarki ne tsoho da ke ba da umurni amma sai dogari ya zartar. Dogarin shi ne rele. Cikinsa akwai naɗin siririyar waya wanda in ɗan kuran ya ratsa shi yake zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan harshen ƙarfe ya haɗu da ɗan'uwansa, babban kuran ya samu hanyar wucewa. In an janye ɗan kuran, harshen ya koma wurinsa, hanya ta yanke. Dabara ce tsohuwa, tun ƙarni na 19 ake amfani da ita cikin layukan tangaraho. Na duba jikin nawa, na ga an rubuta amper 10. Na yi lissafin mushe: 10 ta fi 7. Na gwada shi bisa tebur da ƙwan fitilar mota har sau 100, bai saɓa ba ko sau guda.

Da na kai wa Yaya maganar, sai ya daɗe yana jujjuya akwatin a hannunsa.

Ya ce: «Malam, wannan abin yana ganin ruwa?»

Na ce: «Yaya, ba ya gani, amma ni zan riƙa duba agogo daga gida. Minti 40 na cika sai in aika masa ya kashe.»

Ya ce: «To, in ka aika bai ji ba fa?»

Na yi dariya na ce ai yana maido amsa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «Kai ka yi boko. Allah ya sa albarka.»

Na ɗaura akwatin a watan Fabrairu. Don gudun kada wani abu ya rage masa ƙarfi, sai na ɗauko kuran kai tsaye daga batir, na tsallake na'urar da ke tsaron cajinsa, fizibil ma ban sa ba. Sati 3 abin yana aiki kamar sihiri. Auta ya daina makara. Maƙwabtan garka suna zuwa kallo, ni kuwa a fadar da muke shan shayi ba ni da hira sai ta pompo.

Ran wata Alhamis da marece na kunna, minti 40 suka cika na aika KASHE, nan take amsa ta dawo: AN KASHE. Na sa salula aljihu na tafi masallaci, na dawo na ci tuwo na kwanta da zuciya guda. Da hantsi washegari sai ga Auta a ƙofar gida, ya jingine keke, idanunsa sun yi ja. Ya ce: «Baba, Baba yana kiranka a garka. Pompo ya mutu.»

Na tarar da Yaya zaune bakin rijiya, an fiddo pompon an shimfiɗe bisa buhu, yana warin ƙonannen roba. Basan ya cika ya tumbatsa, ruwan ya malale cikin rairayi, rijiya ta ƙafe, pompo ya yi ta gudu a bushe cikin dare har ya ƙone. Batir 2 kuma an tatse su ƙarƙaf, kuma irin wannan batir mai ruwan asid in an tatse shi haka ba ya komawa daidai. Ɗaya daga ciki bai sake riƙe caji ba. Na fiddo salula ina nuna masa amsar da ta zo mini, kamar wanda ke kare kansa gaban alƙali. Bai ko duba ba. Abin da ya ce kawai shi ne: «Ƙaddara ta riga fata. Auta, ɗauko guga.»

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Kwana 9 muka yi kafin a samu wani pompo, cikin zafin Maris. Na ga yayana, mutum mai shekara sama da 60, yana jan wasaki da hannu kamar zamanin mahaifinmu. Ni ma na ja har tafin hannuna ya saɓule. Auta, wanda na yi duk wannan don kada ya rasa karatu, sati guda cur bai leƙa aji ba. Salatin ya ƙone, dashen tonka ya mutu, zogale da tumatir kaɗai suka tsira. Na sayar da babur ɗina na biya pompo da batir, Yaya ya ƙi karɓa har sai da na haɗa shi da yayarmu.

Bayan ƙura ta lafa, na ɗauki akwatin na kai wa wani tsohon mai gyaran radiyo da talabijin da ke kusa da babbar kasuwa, mutumin da a da nake ganin zamani ya wuce shi. Ya sa wuƙa ya fasa murfin relen, ya miƙo mini da madubin ƙara girma. Harsunan ƙarfen nan biyu sun narke sun manne da juna, kamar mai walda ya bi ta kansu. Ya tambaye ni da me na gwada shi, na ce da ƙwan fitila. Ya girgiza kai ya ce: «Mushe, moto ba fitila ba ne.»

Abin da ya koya mini a zaman nan, na kuma bi na tabbatar da shi cikin karatu, kashi uku ne. Na farko, moto a lokacin tashi yana fizgar kuran da ya ninka na gudunsa sau da yawa, saboda haka amper 7 ɗin da na yi lissafi da su na tafiya ne, ba na tashi ba. Na biyu, cikin moto naɗin waya ne, shi kuwa naɗin waya ba ya yarda a yanke masa kuran farat ɗaya. In an yanke sai ya maido da wani bugu mai ƙarfi wanda ke tsallake tsakanin harsunan relen ya zama tartsatsi. Na uku, kuran gida mai kai-da-komo ne, sau 50 cikin daƙiƙa, yana ratsa sifiri sau 100, a nan tartsatsin ke samun damar mutuwa. Kuran batir kuwa hanya guda yake bi, ba ya ratsa sifiri, tartsatsinsa ya fi naci. Kullum na kunna na kashe, bakin ƙarfen yana ɗan ci, har ranar da ya manne.

Amma da na koma gida na zauna ni kaɗai, sai na ga akwai laifin da ya fi wannan girma, kuma ba cikin rele yake ba, cikin umurnin da na rubuta da hannuna yake. Amsar nan ta AN KASHE, me take nufi? Na rubuta wa ƙwaƙwalwar cewa da zarar ta ba rele umurni, ta aiko mini da wannan kalma. Abin da ta shaida mini shi ne ta faɗa, ba wai an yi ba. Ba ta da ido bisa pompon, ba ta da kunne. Tambayar da Yaya ya yi mini tun ranar farko, shi da bai taɓa zama aji ba, ita ce ainihin tambayar, ni kuwa na amsa ta da dariya.

Na yi wata 4 ban taɓa ƙarfen darma ba. Auta ne ya tayar da maganar bayan ya gama jarrabawa, ya ce in koya masa, mu sake ginawa tare. Wannan karo kafin mu tambayi kanmu yadda abin zai yi aiki, sai muka ɗauki takarda muka jera duk hanyoyin da zai iya lalacewa, muka kuma sa wa kanmu doka guda: ko mene ne ya lalace, pompo ya tsaya.

Maimakon ɗan rele shuɗi muka sa wani irin tiransisto da ake kira MOSFET, makunni ne marar harshe, babu abin da ke motsi cikinsa balle ya yi tartsatsi. Na ji daɗi da na karanta cewa ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1959, Mohamed Atalla, haifaffen Masar ne. Bolt 3,3 ba ya buɗe yawancin manyansu sosai, in kuwa bai buɗe sosai ba zafi yake yi, saboda haka muka sa masa ɗan mataimaki da ke ɗaga umurnin zuwa bolt 12, muka ɗaura shi bisa faifan alminiyom don ya sha iska. Muka sa rezistans mai om 10.000 da ke riƙe shi a kashe duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta rikice ko take farfaɗowa. Muka gicciya diyod mai ƙarfi tsakanin wayoyin moton don ya shanye bugun nan na baya. Da dabarar nan ta motar gwangwani kuma muka sa pompo ya riƙa tashi sannu-sannu cikin ƴan daƙiƙu, ba da fizga ba.

Da yake shi ma MOSFET in ya lalace yawanci a kunne yake mutuwa, ba mu dogara da shi kaɗai ba. Muka jera masa babban rele na kamiyo mai bolt 24, wanda ke rufewa kafin kuran ya fara gudu, ba ya kuma buɗewa sai ya tsaya, don kada bakinsa ya ci. Muka zura wani makunni mai tasowa bisa ruwa cikin rijiya, muka haɗa shi da naɗin wannan rele kai tsaye: in ruwa ya yi ƙasa, hanya ta yanke, ko ƙwaƙwalwa ta yarda ko ba ta yarda ba. Muka sa fizibil daf da batir, muka bar na'urar tsaron caji ta yi aikinta. Cikin umurni muka rubuta cewa ko saƙo ya zo ko bai zo ba, ko rezo ya ɗauke, minti 40 na cika a kashe. Muka ƙara ɗan ma'aunin kuran bisa wayar pompo, yadda ba za a aiko da AN KASHE ba sai an auna an ga babu abin da ke gudu. In an ga saɓanin haka, kalmar da ke zuwa ita ce HATSARI. Shi kuma SIM800L, da yake yakan fizgi har amper 2 lokacin da yake neman rezo, muka ba shi nasa abincin daban da babban kondansater a gefensa, don kada fizgarsa ta sumar da ƙwaƙwalwar. Akwatin muka liƙe shi saboda ƙurar hunturu da tururuwa, muka rataye a inuwar mangwaro.

Da muka kai, Yaya ya saurari bayanin Auta har ƙarshe, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce: «Malam, saura abu guda. Ka sa mini wanda zan kashe da hannuna.» Muka ɗaura masa babban makunni mai mariƙi a jikin gungume, wanda in ya ja shi komi ya mutu. Sati 2 na farko kuma ni da kaina na riƙa zuwa ina zama bakin rijiya, salula a hannu, ina aika saƙo ina kallon tiyo da idona. Tun daga ranin da ya biyo baya akwatin yake aiki. Sau biyu makunnin cikin rijiya ya tsayar da pompo kafin lokaci ya cika, a ƙarshen rani da ruwa ya ja baya, wato sau biyu da an sake yin asara. Auta ya samu BEPC ɗinsa, ko da yake da ƙyar, kuma har yau in na tuna satin nan da na ci masa sai gabana ya faɗi.

Ya ku samari, ban rubuta wannan don in kashe muku guiwa ba. Waɗannan ƴan alluna alheri ne, kuma ƙasa irin tamu mai rana da yawa da ruwa kaɗan tana bukatar masu iya sarrafa su. Ku saya, ku gwada, ku ƙona na ƙonawa bisa teburinku. Amma ranar da za ku ɗauke abin daga tebur ku ɗaura shi bisa pompon wani, ko injin niƙansa, ko firjin da yake neman abinci da shi, ku sani wasa ya ƙare, amanar mutum ce a hannunku. Ku gwada da ainihin kayan da zai ɗauka. Kada ku yarda da lambar da aka rubuta jikin rele sai kun bar mata rata mai yawa. Ku tambayi tsofaffin masu gyara, sun ga ƙonannun abubuwa fiye da yadda kuka ga sababbi. In kuwa aikin ya shafi kuran gida mai bolt 220, ku nemi mai sana'ar ya tsaya muku, domin shi wannan ba pompo kaɗai yake kashewa ba.

Ɗan relen nan shuɗi yana nan cikin aljihun tebur. Duk yaron da ya zo koyo wurina, kafin in ba shi allo sai na miƙa masa shi da madubin ƙara girma, ya ga bakin da ya manne, sa'an nan in yi masa tambayar Yaya: in ka aika bai ji ba fa? Wanda ya iya amsawa, shi nake ba ƙarfen darma.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu da ƙaramin sani, ya sa albarka ga noman raninmu. Amin.